Darasi na Bakwai: Rarrabe Gaɓa da Ƙwayar Ma'ana a Doguwar Kalmar Ingilishi

Gabatarwa

Ɗalibai da dama sukan ɗauka cewa iyakar gaɓa ita ce iyakar ƙwayar ma'ana. Gaɓa dai al'amarin furuci ce, ƙwayar ma'ana kuwa al'amarin ƙirar kalma. Za a nuna wannan bambanci da kalmar Ingilishi mai haruffa 28, wato "antidisestablishmentarianism". Ma'anarta ita ce ra'ayin masu adawa da raba Cocin Ingila da gwamnati, batun da aka yi ta muhawara a kansa a Biritaniya a ƙarni na 19.

Ƙirar Kalmar

Saiwar kalmar ita ce "establish", wato kafawa. Tana da ɗafa-goshi biyu: "dis-" mai warware aiki, da "anti-" mai nuna adawa. Tana kuma da ɗafa-ƙeya uku: "-ment" mai mayar da aikatau suna, da "-arian" mai nuna ma'abocin ra'ayi, da "-ism" mai nuna ra'ayin kansa. Sassa shida ke nan.

Tsarin Gaɓoɓi

A wajen furuci kuwa, gaɓoɓi 12 ake samu:

an-ti-dis-e-stab-lish-men-ta-ri-an-i-sm

A lura cewa baƙin /t/ na ɗafin "-ment" ya tsallaka ya buɗe gaɓa ta takwas, wadda ita ce aka fi ƙarfafawa a furuci. Haka abin yake a Hausa: "makaranta" a ƙira ita ce ma-karant-a, amma a furuci ma-ka-ran-ta.

Matsalar Ɗalibi Bahaushe

Gaɓar Hausa iri uku ce: BW, BWW da BWB. Ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkonta ba, shi ya sa "bread" ta koma "burodi", "brake" ta koma "birki". Saboda haka ɗalibi yakan cusa wasali a gaɓar "stab", mai tsarin BBWB, ya furta "sitab". Yakan kuma ƙara wasali a gaɓar ƙarshe ya ce "zim" ko "zimu". Idan malami bai gane tushen wannan kuskure ba, sai ya yi ta tsawatawa ba tare da gyara ba. Abin da ya dace shi ne ya fara da ma'anar sassa shida, sannan ya sa ɗalibai su furta kalmar gaɓa-gaɓa suna tafawa.

Aikin Yi

1. A rarraba kalmar "internationalization" zuwa gaɓoɓi da kuma ƙwayoyin ma'ana.
2. A kawo kalmomin aro biyar da Hausa ta cusa musu wasali.