Ina Ake Samo Aikin? Darasi Ga Mai Son Zama Ɗan Kwangilar Injina

'Yan uwa ɗalibai, mu da ke ajin ƙarshe saura mana 'yan watanni mu ajiye biro. Ka zauna a kowace majalisa bayan lacca, maganar ba ta wuce ɗaya: "To bayan difloma sai me?" Da yawa daga cikinmu 'yan sashen kanikanci sun ce su kam kansu za su yi wa aiki. Wani zai riƙa haɗa iyakwandishan, wani famfo da bututun ruwa, wani janareta, wani ɗakin sanyi ko na'urorin kashe gobara. Hannu ya iya, an koya mana a wakshof. Abin da babu a manhaja shi ne yadda mutum zai ji labarin aiki tun kafin a ba wani. Wanda bai san wannan ba, haya za ta cinye jarinsa yana zaune a shago yana jiran wayar da ba za ta shigo ba.

Takardu kafin kayan aiki

Otal, asibiti ko masana'anta ba sa ba mutum aiki da sunansa na yanka, kamfani suke ba. Saboda haka matakin farko shi ne rajista da hukumar CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa, mutum ɗaya ma zai iya buɗe ƙaramin kamfani. Daga nan sai lambar biyan haraji da asusun banki da sunan kamfanin.

Aikin gwamnatin tarayya ya fi haka yawan sharuɗɗa. Duk sanarwar da ka karanta za ka ga kusan jeri ɗaya ne: takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, shaidar PenCom ta fansho, ta ITF, ta NSITF, da shaidar cewa kana cikin rajistar 'yan kwangila ta hukumar BPP. Yawancinsu duk shekara ake sabunta su. Rashin ɗaya tak ya isa a ajiye takardarka gefe, ba a ko buɗe ambulan farashinka ba. Kada kuma mu manta da COREN: tana yi wa mai ND rajista a matsayin taknishan, mai HND kuma taknolojis. Manyan ayyuka kan nemi injiniya mai cikakkiyar rajista a cikin ma'aikatanka, don haka tun yanzu ka san wanda za ka jingina da shi.

Ƙofa ta farko: allon da ke bakin gini

Wannan ita ce mafi arha, kuma ita aka fi wucewa. Kusan kowane babban gini akwai allo a bakinsa mai ɗauke da sunan mai aikin, mai zanen gini, injiniyoyin da ke ba da shawara kan lantarki da injina, da babban ɗan kwangila. Wannan allon adireshi ne aka rubuta maka kyauta. Babban ɗan kwangila gini ya sani. Aikin famfo, sanyaya ɗakuna da bututun gobara sau da yawa yanka shi yake yi ya ba ƙananan kamfanoni.

Amma lokaci ne sirrin. Idan ka jira sai an yi rufi, ka makara. Tun kafin a zuba kankaren dakin ake barin ƙofofin da bututu zai bi, ke nan an riga an san mai aikin. Ka je tun ana haƙar tushe. Ka nemi injiniyan da ke kula da wurin, ka gaishe shi da ladabi: "Yallaɓai, an ba da aikin famfo da na sanyi kuwa?" Idan an bayar, tambayi wa aka ba, domin shi ma yana iya neman ƙarin hannu. Ka ware littafi guda: sunan gini, unguwa, matakin da aikin yake, wanda ka gani, ranar da za ka koma.

Ƙofa ta biyu: masana'antu da masu gine-gine

Mai zuwa Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna, ya san injin ba ya hutu. Haka masana'antun casar shinkafa da ke Kano, Jigawa da Kebbi: akwai tukunyar tururi, akwai famfuna, akwai bel da ƙarafa masu ci kullum. Irin waɗannan wurare ba sa buga talla a jarida. Suna da jerin 'yan kwangilar da suka amince da su, kuma daga jerin suke kiran mutum uku ko huɗu su kawo farashi. Aikinka shi ne ka shiga jerin. Rubuta takardar gabatar da kamfani mai shafi kaɗan, da hotunan aikin da ka yi da hannunka, ka kai wa sashen sayayya da kuma manajan gyare-gyare.

Ka nemi aikin kulawa na shekara ko da kuɗinsa kaɗan ne, kamar wanke iyakwandishan duk wata uku ko duba janareta. Ranar da babban injin ya tsaya, wanda ya saba shiga gidan ake fara kira. A nan ne wurin da muka yi SIWES yake da amfani. Wanda ya koya maka aiki wata huɗu ya san hannunka fiye da kowace takarda. Kada lambarsa ta ɓata.

Ƙofa ta uku: sanarwar gwamnati

Dokar sayayyar gwamnati ta 2007, wadda ta kafa BPP, ta tanadi a tallata aikin da za a yi gasa a kai a jaridun ƙasa aƙalla biyu. Ana kuma buga su a mujallar Federal Tenders Journal da allon sanarwa na ma'aikatar da ke da aikin. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, kamar KADPPA a Kaduna, kuma kowace da rajistarta. Mu duba cikin makarantarmu ma: gine-ginen da TETFund ke ɗaukar nauyi ta wannan hanyar ake ba da su. Masu sha'awar aikin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ke da ayyukan ruwa da yawa a arewa maso gabas, sai su yi rajista a shafin UNGM. Na man fetur kuma NipeX ce ƙofarsu.

Gaskiyar magana, sabon kamfani da wuya ya ci babban aiki a nan, domin ana neman shaidar irin aikin da ka taɓa yi. Duk da haka ka riƙa karantawa. Ana buɗe takardun tayi a bainar jama'a, a karanta farashin kowa. Daga nan za ka san su wa ke cin aiki, ka bi su neman yanki.

Ba kowane aiki ake nema ba

Kafin ka sa farashi, je ka ga wurin da idonka, ka gwada zanen da jadawalin kaya, wato BOQ. Idan zane ya nuna abin da jadawali bai lissafa ba, yi tambaya a rubuce. Sannan ka bincika: mai aikin yana biya? Yaushe? Akwai kafin alƙalami?

Ga lissafi na misali. A ce ka karɓi aikin naira miliyan 10: kaya miliyan 7, ma'aikata da sufuri miliyan 2, ribarka miliyan 1. Kafin ka shiga kasuwa farashin bututun jan ƙarfe da sauran kaya ya tashi da kashi 8 cikin 100, wato 560,000 ta tafi, saura 440,000. A al'ada kuma ana riƙe kashi 5 na kuɗin aikin, 500,000 ke nan, sai wa'adin gyaran kurakurai ya cika, wata shida ko shekara. Ka gama aiki, kowa na yi maka murna, alhali aljihunka ne ya yi ciko da 60,000, ba a ma yi maganar harajin da ake cirewa daga tushe ba. Shi ya sa ake rubuta wa'adin farashi a kan takardar tayi, kamar kwana 14, a kuma nuna VAT na kashi 7.5 a layinsa daban. Karya farashi don kawai a ce ka samu aiki, ramin kanka kake haƙawa.

A kula da 'yan damfara kuma. Duk wanda ya kira ka ya ce ka "ci" kwangilar da ba ka nema ba, sai dai ka turo kuɗin fom a asusun wani mutum, kashe wayar. Je ofishin da aka ambata da ƙafarka ka tambaya.

Abin yi kafin jarrabawar ƙarshe

Ba sai mun karɓi sakamako za mu fara ba. A wannan zangon, kowa ya ɗauki hoton aikin da ya yi a wakshof da furojet ɗinsa. Ya ziyarci gine-gine biyar da ake yi a garin nan ya cika shafin farko na littafinsa. Ya shiga laburare ya karanta sanarwar kwangila guda uku daga farko har ƙarshe. Ya kuma ƙulla zumunci da 'yan sashen zanen gini, kimanta kuɗin gini da lantarki, domin gobe su ne za su zauna a ofisoshin da ake rubuta sunan wanda za a kira. Da sanyin safiya ake kama fara. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu ci halaliyarmu da hannunmu.