Ɗiyata, kafin ki zaɓi wurin sanin makamar aiki

Ɗiyata, na ji kin fara neman inda za ki yi horon sanin makamar aiki kafin ki kammala digiri na biyu, a fannin tsare-tsaren samar da aikin yi. Madalla, Allah ya yi jagora. Mahaifiyarki ta ce hankalinki duk yana kan manyan ofisoshin ƙetare.

Ba zan hana ki ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana ɗaukar ɗalibai, kuma tana da ofis a Abuja. Bankin Raya Afirka da ke Abijan ma yana ɗauka. Ƙungiyar OECD tun 1982 take da shiri na nazarin yadda gari ko yanki ke sama wa mutanensa aikin yi, har da cibiya a Trento ta Italiya. Ki nema, amma ki karanta sharuɗɗa a tsanake. Galibi sai wadda ke cikin karatu ko ba ta jima da gamawa ba, kuma ba kowa ke ba da alawus ba. Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana ɗaukar ɗalibai ba ko sisi. Kada ki ci bashi don suna.

Duk inda za ki, ki tambaya: wane aiki za a damƙa mini, kuma wa zai duba shi?

Ga dalilina. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi a Najeriya sun kai kashi 33.3 cikin 100. A farkon 2023 adadin ya koma 4.1. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, mudun awon aka sauya. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. Yanzu awa ɗaya ta wadatar. Ɗalibar da ba ta bar tebur ba, kwafar adadin za ta yi ta wuce. Wadda ta taɓa bin gida-gida da takardar tambayoyi kuwa, ta san wuyar yanke hukunci a kan ɗan dako a kasuwar Dawanau da yau ya samu gobe ya rasa, ko matar da ke suyar awara a cikin gida. Hukumar da kanta ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba a tsarin ofis suke ba. A Kantin Kwari ko Fanteka, ubangida ne ke ɗaukar yaro, ya koya masa, ya sallame shi da jari. Duk tsarin da aka rubuta ba da sanin wannan ba, a takarda zai ƙare.

Saboda haka kada ki raina na gida: ofishin jiha na hukumar samar da aikin yi (NDE) ko na hukumar raya ƙananan masana'antu (SMEDAN), ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, har sakatariyar ƙaramar hukuma. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Kuɗi ya yi yawa ko kaɗan, sai da wanda ya iya lissafin inda ya dace a sa shi.

Ba zan ɓoye miki ba, a irin waɗannan ofisoshi sai ki yi mako kina ɗumama kujera. Kada ki jira a ba ki aiki, ki je da naki. Misali, ki nemi izinin bin sawun waɗanda aka koya wa ɗinki aka raba musu keke shekara biyu baya: nawa ke ɗinki har yanzu, nawa suka sayar, me ya sa? An fi son hoton ranar rabo, shi ya sa ba a cika yin wannan tambaya ba. Amsarta kaɗai ta isa kundin bincike.

Ki riƙa gaida akawu da masinja, su suka san inda tsofaffin fayil suke. Sunayen mutanen da za ki gani a ciki amana ne, kada ki sa komai a kundinki sai da izini a rubuce.

Ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku tun yanzu. In kin rubuta wasiƙar neman, turo mini in duba kafin ki aika.