GAJIYA A CIKIN MUTANE BAYAN TIYATAR ƘWAƘWALWA

Darasinmu na yau naka ne, ɗan uwa da aka yi wa aiki a ka, an sallamo ka, gida ya cika da 'yan dubiya.

Ka lura ko? Hira ta minti 20 kawai, sai ka ji kamar ka yi wunin noma. Magana ta ƙwace maka, ido ya yi nauyi, rai ya ɓaci ba dalili. Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma wulaƙanta baƙi ba. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin wajen kashi 20 na kuzarinsa. Yanzu tana aikin warkewa, ga mutum biyar na magana lokaci guda, ga talabijin, ga kukan yara, kuma ita za ta tace duka. Magungunan hana farfaɗiya irin su Keppra ma suna ƙara kasala, dexamethasone kuma yana hana barci. Gajiyar kan ɗauki makonni, wasu har watanni.

Abin da ya fi cutar da mu kunya ce. Ka gaji, amma wa zai ce wa suruki ya tashi? To, ka wakilta mutum ɗaya, matarka ko ƙaninka, shi zai ce "likita ya ce ya huta". Baƙi biyu-biyu, minti 15, a kashe talabijin. Kada ka jira sai ka galabaita, ka tashi tun kana da sauran ƙarfi.

Ɗaurin aure ko suna, ka kwanta tukuna kafin ka fita, ka zauna gefe nesa da lasifika, ka yi Allah ya sanya alheri ka dawo. Washegari kada ka sa wa kanka komai. Sallah kuwa, shari'a ta sawwaƙa wa mara lafiya ya yi ta a zaune.

Zuma da dabino suna da kyau, amma mai shan dexamethasone ya yi hankali, maganin na ɗaga sukari. Kuma don Allah kada ka ajiye maganin farfaɗiya da kanka don yana sa ka barci. Ka gaya wa likita.

Idan gajiyar ta zo da ciwon kai mai ƙaruwa, amai, zazzaɓi, jijjiga, ruwa na fita daga ɗinki, ko ɓari ɗaya na jiki ya saki, wannan ba ta hutu ba ce. A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.