Amsoshin Tambayoyinku: Yaya zan sayar wa 'yan ƙasashen waje kayan Sallah?

Tambaya: Ina ɗinka abaya da dogayen riguna, ina kuma haɗa humra da turaren wuta. Tun da na fara sa hotunan kayana a Instagram, 'yan'uwanmu na Ingila da Amurka suke yi min magana suna so. Ga azumi yana ƙaratowa, ina son shiga kasuwar amma ina tsoron jin kunya. Ta ina zan fara? Daga wata mai sana'a a Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Masu saye suna nan, domin ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 ne a Ingila da Wales kaɗai, kuma ba kowa ke da tela a unguwarsa ba. Tsoronki ma yana kan hanya. Sai dai abin da ya fi kunyata masu irin wannan ciniki shi ne lattin kaya, ko da ɗinkin ya yi kyau.

A nan gida, mai riga takan zauna a shagon tela daren Sallah har a gama mata, ta naɗe abinta ta tafi. Wadda ke Manchester ba ta da wannan damar. Idan rigar ta iso mata kwana biyu bayan an sauko daga Idi, kuɗinta sun tafi a banza, kuma sai ƙawayenta sun ji labari. Saboda haka ki soma lissafi daga ranar Sallah, ki dawo baya. Ki tambayi kamfanin aika kaya kwana nawa saƙo yake yi a hanya, ki ƙara mako guda saboda kwastan, sannan ki ɗora kwanakin ɗinki. Za ki ga tun Rajab da Sha'aban ya kamata talla ta kankama, a rufe karɓar oda kafin goman farko ta azumi ta wuce. Ki rubuta ranar rufewar a shafinki, ki tsaya a kanta ko wa ya roƙe ki. Ki kuma sani masallatan Ingila ba su da baki ɗaya kan ganin wata, wasu na bin Saudiyya, wasu Maroko, don haka Sallarsu na iya saɓawa da tamu da kwana ɗaya.

Tufafi ba su da matsala a hanya. Humra ce abin dubawa. Duk turaren ruwa mai sinadarin alkohol, kamfanoni irin su DHL suna lissafa shi cikin kaya masu kama wuta, ba a zuba shi a jirgi haka kawai. Ki je ofishinsu da kwalbar a hannu, ki faɗa musu abin da kika haɗa a ciki tun kafin ki yi wa kowa alkawari. Kada ki cusa ta cikin riga ki yi shiru, domin in aka gano, duka ƙunshin ne zai tsaya. Za a kuma roƙe ki ki “ɗan sako” kilishi ko dambun nama. Ki ba da haƙuri. Ingila da Amurka duk sun hana shigar da nama irin wannan daga Najeriya, ƙwacewa ake yi.

Sai haraji, wanda shi ne ke ɓata tsakanin mai saye da mai sayarwa. Harajin VAT a Ingila kashi 20 cikin ɗari ne, kuma kayan da suka haura fam 135 ana iya ɗora musu kuɗin fito. Amurka a da tana barin saƙon da bai wuce dala 800 ba ya shiga ba haraji, amma ta soke wannan sassauci a watan Agustan 2025. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: tun a hirar farko ki rubuta wa mai saye kuɗin riga, kuɗin aikawa, da kuma cewa za a iya neman haraji a wurinta kafin a miƙa mata kaya. Kada ki rage farashi a takardar kwastan don ki sauƙaƙa mata. Ƙarya ce, kuma in kayan suka ɓace, a kan abin da kika rubuta za a duba diyyarki.

Wajen kuɗi, Paystack da Flutterwave suna karɓar katin ƙasashen waje. Kada almakashi ya taɓa yadi sai kin ga kuɗin a asusunki da idonki, hoton rasit bai isa ba. Awo kuma a yi shi ta kiran bidiyo, mai saye tana riƙe da tef kina kallo, ku rubuta shi da inci.

Akwai wata ƙofa da nake so ki fara da ita a bana. Da yawa daga cikin mazauna waje, damuwarsu ta azumi tana gida: kayan Sallar mahaifiya a Fagge, na ƙanne a Zariya, turaren wuta ga suruka. Ki yi musu tallar wannan kai tsaye, su biya daga can, ke ki kai nan, ki tura musu hoton tsohuwa riƙe da ledarta. Babu jirgi, babu kwastan, humrarki ma za ta shiga. Na ƙetare kuwa ki karɓi oda kaɗan wadda za ki iya gamawa kafin tsakiyar azumi, ki riƙa rubuta kwanakin da kowane saƙo ya yi a hanya, domin da su za ki tsara Babbar Sallah.