Farar Wuta Mai Cin Jan Ƙarfe a Man Taransifoma da Hanyoyin Kawar da Ita

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce bayyana wata cuta da ke kama man taransifoma, da kuma yadda masana suke maganinta. Aikin wannan mai iri biyu ne: sanyaya na'ura, da kange wutar lantarki daga tsallakawa inda ba a so.

Asalin Cutar

A cikin taransifoma akwai wayoyin jan ƙarfe da aka naɗe da takarda, aka tsoma cikin mai. Bayan shekarar 2000, manyan taransifomomi sun riƙa ƙonewa a ƙasashe daban-daban. Da aka bincika, sai aka tarar akasarin laifin na wani sinadari ne mai farar wuta, wanda ake kira DBDS. Idan zafi ya tsananta, sinadarin yakan ci jan ƙarfe, ya haifar da baƙin dauɗa wanda ke manne wa takardar. Shi kuwa dauɗan nan wuta na bin sa, saboda haka takardar da aka sa ta tsare wuta sai ta koma hanyarta. Da ɗan gari, in ji Hausawa, akan ci gari.

Gwaji

A ƙa'idar da aka tsayar a 2008, akan tsoma jan ƙarfe naɗe da takarda cikin man, a gasa shi a zafin digiri 150 har awa 72. In ya yi baƙi, man ya kamu.

Magani

Hanya ta farko, a zuba wani sinadari wanda ke lulluɓe jan ƙarfen, kamar kashi 100 cikin miliyan. Wannan dabara tana da araha, amma farar wutar tana nan, kuma sinadarin yakan ƙare.

Ta biyu, a juye man a sa sabo. Sai dai takarda takan riƙe ragowar tsohon.

Ta uku, a bi da man ta cikin wata irin ƙasa mai tsotse dauɗa, ko a haɗa shi da sinadarai masu kaifin kanwa waɗanda ke wargaza DBDS. Wannan ce ke tumɓuke cutar daga man.

Kammalawa

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga hanyoyin nan da ke goge dauɗan da ya riga ya kama takarda. Ashe ke nan gwada mai a kan kari shi ne babban magani, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.