Rumbun Tarayya a Cibiyoyin Adana Bayanai: Nazarin Tsarin Ceph

1.0 Gabatarwa

A da, cibiyar adana bayanai kan sayi na'ura guda mai tsada wadda dukkan kwamfutocinta ke zuba bayanansu a ciki. A tsarin da manhaja ke jagoranta kuwa, akan tattara faya-fayan ajiya da ke cikin kwamfutoci daban-daban, sai manhaja ta haɗe su, mai amfani ya gan su tamkar rumbu ɗaya. Wannan takarda ta kira tsarin da “rumbun tarayya”, ta kuma ɗauki manhajar Ceph a matsayin misali.

2.0 Asalin Ceph

Sage Weil ne ya samar da Ceph a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz a Amurka, wanda ya kammala a 2007. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba na daga cikin manyan masu amfani da ita.

3.0 Yadda Tsarin Ke Aiki

Ceph kan daddatsa bayanai gunduwa-gunduwa ta rarraba su. Ba ta dogara da wani kundi na tsakiya wajen gano muhallin kowace gunduwa, domin wani lissafi mai suna CRUSH ne ke tantance shi. A bisa al'ada, kowace gunduwa na da kwafi 3 a kwamfutoci mabambanta. Idan faifai ya lalace, manhajar kan sake gina abin da ya salwanta daga ragowar kwafin.

Sai dai wannan kariya tana cin wuri. Faya-fayai masu ɗaukar terabayit 300 ba za su riƙe fiye da terabayit 100 na ainihin bayanai ba. Akwai wata dabara da ke raba bayani kashi 4, ta ƙara kashi 2 na gyara. Da ita za a sami terabayit 200, amma tana ƙara wa na'ura nauyin lissafi.

4.0 Kammalawa

Yawan kwafi yana maganin lalacewar na'ura ne kawai. Idan ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, dukkan kwafi ukun za su tafi tare. Saboda haka, sashen da ya damƙa hotunan rubuce-rubucen ajami ko muryoyin makaɗan baka ga irin wannan rumbu, wajibi ne ya tanadi wani kwafi daban a wajensa.