Jakar Tankin Babur: Mai Maganaɗisu ko Mai Maɗauri?

Tambaya: Malam, doguwar tafiya zan yi a babur. Wace jakar tanki zan saya?

Amsa: Ya ɗan'uwa, kafin ka fitar da ko kwabo, ɗora maganaɗisu a jikin tankinka, domin idan na roba ne ko alminiyam ba zai kama ba, mai maɗauri ta zama wajibi a gare ka. In kuwa na ƙarfe ne, mai maganaɗisu ta fi sauƙin cirewa a gidan mai, illa dai yashin da ke maƙalewa ƙarƙashinta yana karce fenti, sai ka lazimci goge gindinta kullum. Bayan ka ɗaura, karya kan babur iyakarsa dama da hagu. Jakar da ta danne hon, haƙiƙa ta yi girma. Kaya masu nauyi kuwa, mahallinsu baya ne.